Allurar cike fuska: ciko na nan take ko mai tayar da kolajin, wacce ta dace da wa?

A watan jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yayata da ke zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta kira ni ta bidiyo. Saura mako bakwai a ɗaura auren ƙaninmu a Maraɗi, ta riga ta yanki tikitin jirgi, tela ma ya gama ɗinkinta. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Ƙanwata, dube ni da kyau. A haka zan shigo gida?"

Shekara shida rabonta da Nijar. A cikin shekaru biyun da suka wuce ta yi doguwar jinya, ta warke, ta koma aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Nauyinta ya kusa dawowa yadda yake, amma kumatunta sun ƙi dawowa. Ƙasan idonta ya zurma, gefen goshinta ya lotsa. Ni da ita mun san abin da take tsoro. A gidajenmu fuska ake fara dubawa kafin a buɗe tsaraba. Wadda ta dawo daga Turai da ramammiyar fuska, ko a ce ƙasar ba ta karɓe ta ba, ko a ce miji ba ya riƙe ta da kyau, ko kuma a koma gefe ana raɗa sunan wata cuta.

Ta je wurin wata likitar fata, likitar ta ba ta takardun farashi biyu. Ta farko ta allurar ciko ce, wadda ake ganin aikinta tun kafin a tashi daga kujera. Ta biyu ta allurar da ke tayar da kolajin ce, wadda sai an yi haƙurin watanni. Ana cikin haka wata ƙawarta ta turo mata shafin wata mata a Snapchat, mai yin allura a cikin ɗakin haya, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na likita ba. Tunda ni ce ƴar jarida a gidan, ta ce in faɗa mata wacce za ta ɗauka. Na roƙi kwana goma.

Ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba. Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an yi allurar ciko ta sinadarin hiyaluronik sau miliyan 5.5 a duniya, ƙarin kashi 29 cikin 100 a kan shekarar da ta gabace ta. Wannan adadi daga likitocin tiyata kawai ya fito. Na ɗakunan haya da shagunan gyaran gashi ba ya ciki. Maza ma sun shiga, galibi don gyaran haɓa da muƙamuƙi.

Me ke sa fuska ta faɗa

Abu uku ke riƙe da fuska: ƙashi, kitse da fata, kuma dukkansu suna canzawa da shekaru. Ƙashin fuska yana raguwa a hankali, kwarmin ido ya ƙara faɗi, muƙamuƙi ya sirance, musamman inda aka rasa haƙora. Kitsen fuska kuwa a ɗaki-ɗaki yake. Wasu likitocin tiyata biyu na birnin Dallas a Amurka, Rod Rohrich da Joel Pessa, su ne suka bayyana wannan tsari a 2007. Ɗakunan da ke can ciki suna sacewa, na sama kuma su zame ƙasa, shi ya sa kunci ke lotsawa yayin da layin da ya taso daga hanci zuwa gefen baki ke ƙara zurfi.

Sai fata. Kolajin shi ne zaren da ya saƙa ta, shi ke ba ta kauri da ƙarfi. Daga lokacin da mutum ya gama girma yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na kolajin fatarsa duk shekara, kuma abin yana ƙara sauri ga mace a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Rana da taba suna ƙara masa gudu. Baƙar fata tana da kariya daga rana, saboda haka tamoji ba ya saurin kama mu kamar Turawa. Abin da ya fi bayyana a fuskarmu shi ne zurmawar ƙasan ido da faɗawar tsakiyar fuska.

A fara sanin dalili

Idan fuskar mai shekara talatin ta faɗa cikin ƴan watanni, asibiti ya kamata a fara zuwa kafin a yi maganar kwalliya. Ciwon suga, tibi, cutar sida, ciwon maƙoshi mai ƙona jiki, ƙarancin jini, damuwa mai hana cin abinci da ɓarewar haƙora, duk suna ramar da fuska. Cike kunci ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya ɓoye alamar da za ta sa a gano ciwon da wuri. A Amurka da Turai an sami wani sabon dalili, wato saurin ramewa da allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy, har likitocin can suka laƙa wa wannan rama suna "fuskar Ozempic".

Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu deksametazon ne. Suna kumbura fuska, amma suna tayar da suga da hawan jini, suna cinye ƙashi, kuma barin su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari. Na biyu mayukan bilicin masu sinadarin kulobetazol, da ke sa fata ta yi siriri kamar ledar shinkafa. Irin wannan fata tana saurin tara jini da kamuwa da ƙwayar cuta bayan allura. Duk mai amfani da ɗaya daga cikin biyun, to ya faɗa wa likita gaskiya.

Allurar ciko

Mafi yawan allurar ciko ta yau ana yin ta ne da sinadarin hiyaluronik, wanda a takardun Faransanci za a ga an rubuta acide hyaluronique. Jikin ɗan Adam yana da nasa a fata, a gaɓoɓi da cikin ido, kuma aikinsa riƙe ruwa. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi a 1934 a jami'ar Kolombiya da ke New York, daga ruwan idon saniya. A da ana tatsar sa daga zankon zakara. Yanzu manyan kamfanoni suna samar da shi ne ta hanyar kiwon ƙwayoyin bakteriya a masana'anta, ba daga jikin dabba ba, sannan su ɗaure shi ya zama mai kauri kamar ƙaro don kada jiki ya narkar da shi cikin kwana biyu.

Restylane na ƙasar Suwidin ne ya buɗe kasuwar a Turai a 1996, hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a ƙarshen 2003. Juvéderm, wanda ake yi a kusa da Annecy a Faransa, ya biyo baya a 2006. Akwai kuma Teosyal, Belotero da Stylage. Kowane kamfani yana da mai tauri na ɗora wa ƙashin kunci ko haɓa, da mai laushi na leɓe da ƙasan ido.

Sirinji ɗaya galibi mililita 1 ne. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5, saboda haka wanda ke tsammanin sirinji ɗaya zai mayar masa da fuskar shekara ashirin zai ji kunya. Ana ganin canji nan take, sai dai kumburi da tabon jini kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su lafa. Kamfanonin suna cewa aikin yana kai wata 6 zuwa 18, wasu masu taurin har shekara biyu. To amma wani bincike da aka wallafa a 2024 daga Ostareliya, inda aka duba mutum 33 da na'urar hoton MRI, ya nuna cikon yana nan a fuskokinsu duka, alhali an yi musu allurar shekaru biyu zuwa goma sha biyar da suka wuce. Darasin shi ne, mai komawa duk wata shida a ƙara masa yana tara sabo a kan tsoho, kuma daga nan ne kumburarriyar fuskar da ake gani a wasu taurarin fina-finai take fitowa.

Babbar fa'idar wannan allura ita ce tana da makari. Akwai wani magani mai suna hiyaluronidaz da ke narkar da ita cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan. Idan aikin bai yi kyau ba, ko ya taru wuri ɗaya, ko ya toshe jijiyar jini, likita yana da abin da zai kama.

Kada a haɗa ta da Botox. Shi Botox ba ya cike komai, kwantar da tsokar da ke naɗe fata kawai yake yi, na wata uku zuwa huɗu.

Allurar tayar da kolajin

Ta biyu tana aiki ne kamar takin da aka zuba a gona tun rani, sai damina ta yi nisa a ga amfaninsa. Ana tura wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari ƙarƙashin fata, jiki ya gan su a matsayin baƙi, ya kewaye su da sabon kolajin, su kuma su narke a hankali su bar kolajin ɗin a wurin.

Wanda ya fi suna shi ne Sculptra, da ake yi da sinadarin polilaktik, dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Tarihinsa ya taɓo nahiyarmu. Wasu tsofaffin magungunan sida, musamman stabudin, suna cinye kitsen fuska har ƙashi ya fito, mutum ya warke a jini amma fuskarsa tana tona masa asiri a titi. An fara sayar da maganin a Turai a 1999 da sunan New-Fill, kuma amincewar farko da FDA ta yi masa a 2004 don gyara fuskokin masu wannan lalura ce. Sai a 2009 aka ba shi izinin kwalliya zalla. Shi kuwa stabudin, wanda aka daɗe ana raba shi a Afirka saboda arharsa, a ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su janye shi.

Sculptra gari ne a kwalba, ana kwaɓa shi da ruwan allura. Ranar da aka yi shi fuska takan cika, amma ruwan ne, bayan kwana biyu ko uku sai ya tsotse, mutum ya koma yadda yake. Masu rashin sani a nan suke zaton an cuce su. Canjin gaske yana farawa ne bayan kamar mako shida, ya ci gaba har watanni. Galibi ana yin zama biyu ko uku, da tazarar mako huɗu zuwa shida, kuma sakamakon yana kai kimanin shekara biyu. Likitoci da yawa suna umartar a riƙa murza wurin minti biyar, sau biyar a rana, har kwana biyar, don kada garin ya dunƙule.

Radiesse na kamfanin Merz yana tsaka-tsaki. Kashi 30 cikin 100 nasa ƙananan ƙwayoyin sinadarin kalsiyam ne irin na ƙashi da haƙori, sauran kashi 70 kuma wani ruwa ne mai kauri da ke ɗauke da su. Ruwan yana cike wurin nan take, ƙwayoyin kuma su tayar da kolajin daga baya. FDA ta amince da shi a 2006, yana kai shekara ɗaya ko fiye, kuma yana fitowa a hoton asibiti, don haka wanda aka yi wa ya sanar kafin a ɗauke shi hoton kai. Ellansé, mai sinadarin polikaprolakton, ana samun sa a Turai da ƙasashen Larabawa.

Dukkan waɗannan uku ba su da makari. Matsalar da aka fi gani ita ce ƙananan ƙullutai ƙarƙashin fata, waɗanda kan fito bayan watanni. Wasu suna bajewa da kansu, wasu sai da allurar kotizon, wasu sai an tsaga an cire. Shi ya sa ba a saka su a leɓe ko dab da ido, inda fata ba ta da kauri kuma tsoka ba ta hutawa. Akwai kuma masu haɗa iri biyun a sirinji ɗaya, kamar HArmonyCa. A irin wannan, makarin yana narkar da ɓangaren hiyaluronik ne kawai.

Yadda ake zaɓa

Abu na farko lokaci ne. Mai biki ko tafiya nan da ƴan makonni ba abin da Sculptra zai yi masa kafin ranar. Ciko ma ya kamata a yi shi aƙalla mako biyu zuwa huɗu kafin taro, don kumburi ya sauka kuma a sami damar komawa wurin likita.

Na biyu wurin da ya faɗa. Idan rami ɗaya ne da ake iya nunawa da yatsa, kamar ƙasan ido, leɓe ko haɓa, ciko ya fi dacewa, domin likita yana ganin abin da yake yi a take. Idan kuwa fuskar gaba ɗaya ce ta sace, kumatu da gefen goshi duka, kamar bayan doguwar jinya ko babbar rama, cike ta da hiyaluronik zai ci sirinji da yawa kuma yana iya sa ta yi nauyi. A nan ne masu tayar da kolajin suka fi amfani. Akwai hanya ta uku, wato a ɗebi kitsen mutum daga ciki ko cinya a mayar masa a fuska, amma wannan tiyata ce, kuma wani kaso na kitsen yakan narke.

Na uku kuɗi. A Faransa sirinji ɗaya na hiyaluronik a hannun likita yakan kama daga Yuro 300 zuwa 400. Da yake Yuro ɗaya yana daidai da CFA 655.957, wannan ya kama jika 197 zuwa jika 262, kusan mafi ƙarancin albashin Nijar na wata biyar zuwa shida, tunda jika 42 ne a wata. Zama ɗaya na Sculptra yakan fi haka tsada, kuma sau biyu ko uku za a yi. Sai dai tunda ya fi daɗewa, idan aka raba kuɗin a kan shekara biyu tazarar takan ragu. Dokar Faransa ta wajabta wa likita ba da takardar farashi a rubuce idan aikin kwalliya ya kai Yuro 300.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi ga mai yin allura karon farko: idan abin bai yi ba, ana iya komawa baya? Da ciko ana iyawa. Da mai tayar da kolajin sai jira.

Garin neman gira

Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, kuma a wannan sana'a maganar ba misali ba ce. Jijiyoyin jinin hanci, goshi da tsakanin gira suna haɗe da jijiyar da ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya shiga ɗaya daga cikinsu, sinadarin yana iya toshe ta. In ya tsaya a fata, naman wurin ya mutu. In ya wuce zuwa ido, gani ya tafi cikin mintuna. FDA ta fitar da gargaɗi kan haka a watan Mayun 2015. A shekarar ce likitar fata Katie Beleznay ta Kanada da abokan aikinta suka tattara rahotannin mutum 98 da ganinsu ya taɓu bayan allurar cike fuska, a 2019 suka ƙara wasu 48. Mafi yawansu ganin bai dawo ba. Idan aka kwatanta da miliyoyin allurai da ake yi, adadin kaɗan ne, amma kowace irin allura tana iya jawo shi, har kitsen mutum na kansa.

Alamomin su ne zafi mai tsanani da ya wuce na tsinin allura, canjin launin fata, sanyin wurin, ko duhun gani. A farar fata wurin yakan yi fari fat, kowa ya gani. A fatarmu yakan yi toka-toka ne ko ya ƙara duhu, wanda bai saba da baƙar fata ba zai iya ɗauka tabon jini ne kawai. Wannan ba abin jira zuwa gobe ba ne. Idan ciko ne, ana bukatar makarin da yawa cikin sa'o'in farko.

Game da tabo, gwaje-gwajen da aka yi wa ciko a kan baƙaƙen fata a Amurka ba su nuna yana jawo tabo mai tudu ba, irin wanda likitoci ke kira keloyid, amma wasu sun sami baƙin tabo a inda allura ta shiga, musamman in an yi huji da yawa. Takardar Sculptra kuwa ta hana a yi wa wanda aka san jikinsa yana yin keloyid. Wanda hujin kunne ko tsagar fuska ta taɓa yi wa tudu ya faɗa tun farko. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ba a yi a kan ƙuraje ko ciwon haƙori da bai warke ba. Mai amosanin jini, wanda muke kira emasi, da mai shan maganin tsinka jini, su sanar da likita kafin komai.

Masu allurar ɗaki

A Faransa likita ne kaɗai doka ta yarda ya yi allurar kwalliya. A 2022 hukumar magunguna ta ƙasar, ANSM, ta yi gargaɗi bayan ta karɓi rahotanni kusan arba'in na waɗanda suka cutu a hannun marasa izini, wasu da mutuwar naman leɓe ko hanci. A watan Satumban 2023 wata kotu a Valenciennes ta yanke wa wata mata da ke kiran kanta likita a shafukan sada zumunta hukuncin shekara huɗu, ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka, bayan ita da ƴar'uwarta sun yi wa mutum aƙalla 600 allura. Dokar 9 ga Yunin 2023 ta hana masu tasiri a intanet tallar aikin kwalliya na likitanci, kuma daga 1 ga Yulin 2024 ba a sayar wa mutum hiyaluronik na allura sai da takardar likita. A Ingila tun Oktoban 2021 laifi ne a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Alƙalamin matsi da ake tallatawa a TikTok da cewa ba shi da allura, FDA ta gargaɗi jama'a a kansa a 2021, domin shi ma yana iya toshe jijiya. Silikon na ruwa da sauran abubuwan da ake cewa na dindindin ne sun fi komai muni, saboda suna yawo a cikin nama kuma ba sa fita sai da wuƙa. Ga kuma ƙazantar kayan aiki: a 2024 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da ƙwayar cutar sida a wani gidan kwalliya mara izini a jihar New Mexico. Araha dai ba ta ado.

Idan za a zo gida

Ga mazauna waje, wurin da mutum zai kasance bayan allura yana da muhimmanci kamar wurin da aka yi ta. Mai yin allura a Istanbul ko Dubai ana gobe zai hau jirgi ya bar likitansa a baya. Kumburi ko ƙullutu na iya tasowa bayan makonni, wani lokaci bayan zazzaɓi ko aikin haƙori. Likitocin fata a Nijar ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, kuma bai kamata mutum ya ɗauka zai sami makarin ciko a kowace farmasi a Tawa ko Damagaram ba.

Kayan da ake shigowa da su cikin akwati su ma abin dubawa ne. Kamfanonin sun rubuta a ajiye sirinjin a yanayin da bai wuce digiri 25 ba. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Yamai ya san abin da kwali zai gani a bayan mota ko a shagon da ba wuta. Jabu kuma sun cika kasuwar intanet.

Akwai kuma tambayar addini, wadda masu karatu da yawa za su yi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a watan Yulin 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 173. Ta halatta gyara aibin da aka haifi mutum da shi ko wanda ƙuna, haɗari ko ciwo ya jawo. Ba ta halatta kawar da tamoji da tiyata ko allura ba, sai idan lalura ce ta rashin lafiya kuma an aminta daga cutarwa. Mai shakka ya kai wa malamin da ya yarda da shi bayanin halin da yake ciki.

Abin da za a tambaya kafin a kwanta

A nemi cikakken sunan mai allurar a duba shi a rajistar likitoci: Ordre des médecins a Faransa da Nijar, GMC a Birtaniya, MDCN a Najeriya. A tambaye shi sunan maganin, a ga an buɗe kwalin a gaban ido, a duba ranar lalacewarsa. Kowane sirinji na gaske yana zuwa da ƴar takarda mai manne ɗauke da lambar rukuninsa, a karɓe ta a adana. A tambaya ko akwai hiyaluronidaz a ɗakin a wannan lokacin, da lambar da za a kira idan wani abu ya taso da dare. Wanda ya ce aikinsa ba shi da haɗari ko kaɗan, ko ya ce a biya yau don rangwame zai ƙare gobe, a tashi a bar masa kujerarsa.

Duk wannan na aika wa Yaya a saƙon murya guda huɗu. Ta fara zuwa gwajin jini, aka sami ƙarancin jini, aka ɗora ta a kan magani. Shafin Snapchat ɗin ta goge shi. Saura mako biyar tafiya ta koma wurin likitar, aka yi mata sirinji ɗaya na ciko, rabi a kowane kunci. Maganar Sculptra sun bar ta sai ta dawo daga Maraɗi, idan har lokacin tana so. Ƴar takardar mai lamba tana cikin fasfonta. Inna kuwa, da ba ta san komai game da wannan ba, ta riga ta yi wa mai fura da nono magana ta riƙa kawowa kullum da safe har Yaya ta koma.